Troy, 300 da Alexander: Wanne Ne Tarihi, Wanne Ne Almara?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ma'abocin kallon fina-finan yaƙi ne. Na kalli Troy da 300 da Alexander da Clash of the Titans. Kullum muna musu da abokaina a majalisa, wasu sun ce duk tarihi ne, wasu sun ce ƙaryar Turawa ce tun daga farko har ƙarshe. Don Allah wanne ne ya faru da gaske? Sannan wani ya ce mini wai Alexander shi ne Zulƙarnaini, haka ne?"

Wa alaikumus salam. Idan na fahimce ka, so kake ka san yadda za ka tsame abin da ya faru daga abin da aka ƙaga a waɗannan fina-finai. Duka ɓangarorin biyu na majalisarku sun zuba kayan da ba iri ɗaya ba a buhu guda. Alexander da 300 labarin mutane ne da suka rayu, an rubuta tarihinsu, an san shekarun da suka yi yaƙe-yaƙensu. Clash of the Titans almara ce zalla. Troy kuwa yana tsakiya, shi ya sa zan fi daɗewa a kansa. Ni adabi nake koyarwa, nakan kuma nuna wa ɗalibai waɗannan fina-finai a aji, don haka ta fuskar rubuce-rubucen da aka ɗebo labaran daga cikinsu zan amsa maka. Abin da ya shafi tonon ƙasa kuwa, maganar masu fannin nake isarwa.

Troy: gari na nan, amma labarin waƙa ce

Garin Troy akwai shi. Kangonsa na kan wani tudu da ake kira Hisarlik a arewa maso yammacin Turkiyya. Wani attajiri Bajamushe, Heinrich Schliemann, shi ya shahara da tona wurin a farkon shekarun 1870. Abin da aka tarar ba gari ɗaya ba ne, garuruwa ne kusan tara, kowanne an gina shi a kan kangon na baya. A 1873 Schliemann ya tono tarin zinariya, ya yi ta shelar cewa dukiyar Priam ce, sarkin Troy a labarin yaƙin. Daga baya aka gano cewa zinariyar ta girmi zamanin da ake cewa an yi yaƙin da shekara dubu ko fiye. Amma akwai wani hawa na garin da ya ƙone wajajen shekarar 1180 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an kuma sami alamun faɗa a cikinsa. Takardun daular Hitiyawa ma sun ambaci wani gari mai suna Wilusa a wannan yanki, wanda masana da yawa ke ganin shi ne Ilios, ɗaya sunan Troy. Iyakar abin da ƙasa ta bayar ke nan. Ba ta ba da sunan Achilles jarumin Girkawa ba, ba ta ba da Helen da aka yi yaƙin a kanta ba, balle dokin katako da aka ce da shi aka ci garin.

Waɗannan duk daga waƙa suka fito. Iliad waƙa ce mai baiti sama da 15,000, an kasa ta kashi 24, ana jingina ta ga wani mawaƙi Homer da ake ƙiyasin ya rayu shekaru ɗari huɗu ko fiye bayan ƙonewar garin. Kafin a rubuta ta, da baki ake rera ta, mawaƙi ya koya wurin mawaƙi. Ana ganin sawun haka a jikinta: ba a cika kiran jarumi haka kawai ba, sai an haɗa da kirarinsa, Achilles mai saurin ƙafa, Hector mai horar da dawaki. Duk wanda ya saba sauraron makaɗan fada ya san aikin irin wannan kirari, yana cika ma'aunin waƙa, yana kuma ba mawaƙi sararin shirya baiti na gaba. Ya kuma san cewa waƙa takan riƙe sunan yaƙi na gaskiya shekaru aru-aru, amma ba wanda zai je wurinta neman adadin dakarun da suka fita. Ga misali: Iliad ta kwatanta wani kwalkwali da aka yi da haƙoran gadu, irin da an daina yi tun kafin zamanin Homer, kuma masu tono sun same shi a kaburburan wancan tsohon zamani. To waƙar ta riƙe wasu abubuwa na gaske, sai dai ta lulluɓe su da ƙarnoni na ƙarin gishiri.

Abin da yakan ba ɗalibaina mamaki shi ne babu dokin katako a cikin Iliad, babu kuma mutuwar Achilles. Waƙar ta ɗauki kwanaki kusan hamsin ne kacal a shekara ta goma ta yaƙin. Ta fara da fushin Achilles a kan baiwar da Agamemnon, shugaban rundunar Girkawa, ya ƙwace masa, ta ƙare da jana'izar Hector, ɗan sarkin Troy. Labarin doki sai a Odyssey, ɗaya waƙar da ake jingina wa Homer, da kuma waƙar Aeneid ta Virgil, mawaƙin Rum, wanda ya zo ɗaruruwan shekaru daga baya. Zancen cewa uwar Achilles ta tsoma shi a kogi tana riƙe da dunduniyarsa ma mawaƙan baya ne suka kawo shi, Homer bai san da shi ba.

Fim ɗin da Wolfgang Petersen ya yi a 2004, wanda Brad Pitt ya fito a Achilles, Eric Bana a Hector, ya tattaro waɗannan duka ya cusa su a 'yan makonni, alhali yaƙin shekara goma ne a labarin asali. Wannan bai dame ni ba, dole fim ya taƙaita. Kuɗin da ake ɗora wa mamata a ido ma ban tsaya a kansa ba, duk da ba a fara buga sulalla a duniyar Girkawa ba sai bayan wannan zamani da ɗaruruwan shekaru. Shawarar da ta fi yi wa labarin tasiri ita ce cire allolin Girkawa daga cikinsa, don ya yi kama da tarihi. Duba abin da hakan ya jawo. A Iliad, Paris ƙanin Hector, wanda ya gudu da Helen, da mijinta Menelaus sun yi gaba da gaba a kanta. Menelaus ya kama Paris ta kwalkwali yana jan sa a ƙasa, igiyar haɓa na shaƙe shi, sai Aphrodite, ɗaya daga cikin allolin, ta tsinke igiyar, ta lulluɓe shi da hazo, ta dire shi a ɗakinsa. Da marubucin fim ya cire Aphrodite, sai ya rasa mai ceton Paris. Saboda haka ya sa shi ya rarrafa ya kama ƙafar yayansa, Hector ya soke Menelaus ya mutu. Amma Menelaus a wurin Girkawa bai mutu a Troy ba, ya koma Sparta da matarsa, har ana ganin su a Odyssey suna karɓar baƙi. Agamemnon ma da fim ya kashe a daren cin gari, gida ya koma matarsa Clytemnestra ta kashe shi, kuma a kan wannan kisa aka gina wasu daga cikin manyan wasannin kwaikwayon Girkawa.

Haka kuma faɗan Achilles da Hector. A fim Hector ya tsaya ya yi ta maza har ya faɗi. A waƙar tsoro ne ya kama shi da ya hango Achilles, ya ranta a na kare, suka zagaya ganuwa sau uku. Sai Athena, ita ma cikin allolin, ta zo masa a siffar wani ƙaninsa, ta ce su tsaya su tare shi su biyu. Ya tsaya, ya jefa mashi, ya waiwaya ya karɓi wani a hannun ƙanin, ya ga wayam. A nan ya gane an yaudare shi, ajali ya zo, amma duk da haka ya zare takobi ya afka. Ni dai wannan Hector ɗin ya fi shiga raina, domin jarumtarsa ta zo ne bayan an nuna mana tsoronsa.

Inda fim ya bi waƙar sau da ƙafa, nan ya fi ƙarfi. Ina nufin daren da tsohon sarki Priam, wanda Peter O'Toole ya fito a matsayinsa, ya shiga tantin Achilles ya durƙusa ya sumbaci hannuwan da suka kashe ɗansa, yana roƙon gawa. Nakan nuna wa ɗalibai wannan wuri, sannan mu karanta kashi na 24. A can tsohon ya ce wa Achilles ya tuna da nasa mahaifin, sai duka biyun suka fashe da kuka, ɗaya na kukan ɗansa, ɗaya na kukan ubansa da amininsa Patroclus. Bayan nan Achilles ya yanka tunkiya suka ci tare, ya kuma yi alkawarin dakatar da yaƙi har a gama makoki. Ajin da ke hayaniya lokacin faɗa yakan yi tsit a wannan wuri.

Shin laifi ne a sauya almara?

A ganina ba laifi ba ne, domin Girkawan da kansu ba su da ruwaya ɗaya. Ba su da wani littafi da ya ƙayyade yadda labari zai kasance, kowane mawaƙi da yadda ya juya shi. Euripides ya rubuta wasa a shekarar 412 kafin Miladiyya inda Helen ba ta taɓa taka Troy ba: tana Masar, surarta kawai aka kai, aka shekara goma ana kashe juna a kan inuwa. A nan gida ma Ola Rotimi ya ɗauko labarin Oedipus ya mayar da shi ƙasar Yarabawa a The Gods Are Not to Blame, wanda da yawanmu muka karanta a sakandare, ba wanda ya ce ya yi ƙarya.

Saboda haka ban ga abin tada jijiyar wuya ba don Clash of the Titans, na 1981 da na 2010, ya aro dodon ruwa Kraken daga tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai, ko don ya ɗora jarumin labarin, Perseus, a kan doki mai fiffike alhali a asali takalma masu fiffike aka ba shi. Abubuwa biyu dai nake so ka lura da su. Na farko, Hades. Fim ɗin 2010 da zanen Hercules na kamfanin Disney na 1997 duk sun mai da shi mugu mai neman juyin mulki, wani abu mai kama da Shaiɗan. A wurin Girkawa sarkin matattu ne kawai, ana tsoronsa, amma bai fi 'yan'uwansa mugunta ba. Tunanin masu fim ne na Aljanna da wuta ya shigo. Na biyu, Andromeda, yarinyar da Perseus ya ceta daga dodon. A ruwayar da ta fi shahara 'yar sarkin Ethiopia (Habasha) ce, sunan da Girkawa ke kiran ƙasashen baƙar fata na kudu da Masar da shi. Fina-finan biyu sun ɗauke ta daga can, Baturiya suka sa. Shi kuwa zanen Disney ya mai da Hera, sarauniyar allolin, uwa mai ƙaunar Hercules, alhali a asali kishiyar uwarsa ce da ta haukata shi har ya kashe 'ya'yansa da hannunsa. Ka ga dalilin da ya sa ba su saka wannan a fim ɗin yara ba.

300: a nan ne nake da ƙorafi

Yaƙin Thermopylae ya faru. A shekarar 480 kafin Miladiyya Sarki Xerxes na Farisa ya shigo ƙasar Girka da runduna mai yawa, Sarki Leonidas na Sparta ya tare shi a wata matsattsiyar hanya tsakanin dutse da teku, aka kwana uku ana gwabzawa, har wani mutumin yankin mai suna Ephialtes ya nuna wa Farisawa hanyar da ta bi ta kan dutse suka ɓullo ta baya. Herodotus ne ya rubuta mana wannan, kuma an haife shi dab da lokacin. Har maganar nan da aka ce kiban Farisawa za su rufe rana, wani Basparte ya ce to sai su yi yaƙi a inuwa, tana cikin littafinsa.

Amma fim ɗin Zack Snyder ba daga Herodotus aka ɗauko shi ba, daga littafin zane ne na Frank Miller na 1998, kuma kusan dukansa a cikin ɗakin ɗaukar hoto aka yi shi, kwamfuta ta cike sauran. Girkawan da suka tsaya a hanyar sun kai kusan 7,000, ba 300 ba. Ko a ranar ƙarshe da Leonidas ya sallami mafi yawansu, mutanen Thespiae 700 sun ƙi tafiya suka mutu tare da shi, akwai kuma mutanen Thebes 400. Ƙaramin gari ya ba da ɗari bakwai, amma sunan Sparta kaɗai duniya ta riƙe. Spartawa kuma ba tsirara suke fita ba, da sulke da kwalkwali na tagulla suke yaƙi, kafaɗa da kafaɗa a sahu, wanda ya fice daga sahu don nuna bajinta ya jefa na kusa da shi a haɗari. Ephialtes ba Basparte mai ƙusumbi ba ne. Majalisar mutum biyar da fim ya nuna a matsayin kutaren bokaye a kan dutse, jami'ai ne da ake zaɓa duk shekara. Adadin da Herodotus ya bayar na rundunar Farisa, sojan ƙasa miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai, shi ma masana ba su yarda da shi ba, sun fi karkata ga dubu ɗari zuwa ɗari uku.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ban yafe wa fim ɗin ba shi ne yadda ya raba duniya biyu: kyawawan Turawa masu kare 'yanci, da dodanni daga gabas. Sparta da ake ta yi wa kirarin 'yanci a kan bayi ta rayu, al'umma guda da aka mallake suna yi mata noma, kuma sun ninka iyayengijinsu yawa. Herodotus ya ce a yaƙin Plataea, shekara guda bayan Thermopylae, kowane Basparte da bayi bakwai ya fita. Xerxes da aka nuna da ƙwaryar molo da sarƙoƙi a fuska, je ka duba sassaƙen fadar Persepolis, dattijo ne mai gemu da doguwar riga. Girkawa da dama ma a ɓangarensa suka yi yaƙi. Kuma bayan shekaru kusan saba'in, da kuɗin Farisa Sparta ta gina jiragen ruwan da ta ci Atina da su. Ba mamaki da gwamnatin Iran ta fito ta yi Allah wadai da fim ɗin a 2007.

Masu kare shi sukan ce ai wani sojan Sparta ne ke ba da labarin don ya zaburar da 'yan'uwansa, dole ya ƙara gishiri. Hujja ce, amma mai kallo a gidan kallo ba da ita yake tashi ba, da hoton yake tashi. Kwatanta shi da Aeschylus, Bagirke marubucin wasan kwaikwayo, wanda shi da kansa ya yaƙi Farisawa a Marathon, ɗan'uwansa ma a can ya mutu. A 472 kafin Miladiyya, shekara takwas bayan Farisawa sun ƙone Atina, ya nuna wa mutanen Atina wasa a kan yaƙinsu da Xerxes. Bai sa Bagirke ko ɗaya a dandamali ba. Fadar Farisa ya nuna, uwar sarki da dattawa suna jiran labari, manzo ya iso da mummunan albishir, suna kiran sunayen matattunsu suna kuka. Wanda ya ga yaƙin da idonsa bai ga dodanni ba.

Alexander da batun Zulƙarnaini

A cikin huɗun da ka lissafa, Alexander na Oliver Stone, shi ma na 2004, shi ya fi kusa da tarihi, kuma shi ya fi gajiyar da mai kallo. Bai yi kasuwa a Amurka ba, Stone ya yi ta sake yanka shi yana fitarwa. Masanin tarihi Robin Lane Fox na Jami'ar Oxford ne ya ba su shawara. Yaƙin Gaugamela na 331 kafin Miladiyya, wanda aka yi a arewacin Iraƙi ta yau, an nuna shi da kyau ƙwarai: dogayen masu na Makidoniyawa, ƙura ta turnuƙe har ba ka ganin na gabanka, Iskandar, wato Alexander, ya ja dawakai zuwa dama don sahun Farisawa ya buɗe, sannan ya juyo ya nufi Sarki Darius. Inda ya kauce, haɗe-haɗe ne. Ceton ransa da Cleitus ya yi a kogin Granicus ne a 334, fim ya kawo shi Gaugamela. Yaƙinsa da Sarki Porus mai giwaye a 326 a bakin kogin Jhelum aka yi, cikin Pakistan ta yau, shi ya ci, kuma kibiyar da ta kusa kashe shi a wani gari daban ta same shi daga baya. Ya mutu a Babila a 323 yana da shekara 32.

Game da Zulƙarnaini, abokinka bai ƙago maganar ba, wasu malaman tafsiri na da sun faɗe ta. Amma Ibnu Kasir da Ibnu Taimiyya sun yi raddinta a fili. Hujjarsu ita ce Iskandar ɗan Filibus, almajirin Aristotle, wanda ya kafa birnin Iskandariya a Masar, mai bautar gumaka ne, Zulƙarnaini na Suratul Kahfi kuwa bawan Allah ne mumini. Tarihin Girkawa ma ya goyi bayan wannan siffa ta Iskandar: yana yanka wa allolinsu, ya kuma ratsa hamada zuwa Siwa a Masar wurin bokayen Amun, daga nan ake kiran sa ɗan wannan gunki. Ƙarin bayani a kan ayoyin sai ka tuntuɓi malaman tafsiri, fagensu ne.

Idan kana son ƙari

Jason and the Argonauts na 1963 har yau bai tsufa ba. Ray Harryhausen da hannu ya riƙa motsa 'yan gumakan ƙwarangwal bakwai, ya matsa kaɗan ya ɗauki hoto, ya matsa kaɗan ya ɗauki hoto, sama da wata huɗu a kan faɗan 'yan mintuna. Idan kuma Girkawa kake son ji suna ba da nasu labarin da harshensu, nemi Iphigenia na Michael Cacoyannis na 1977, inda Agamemnon zai yanka 'yarsa don iska ta kaɗa jiragen yaƙi su tafi Troy, Irene Papas ta fito a uwar yarinyar, wato Clytemnestra. Bayan ka kalle shi za ka gane dalilin da ya sa matar nan ta shekara goma tana jiran mijinta ya dawo. O Brother, Where Art Thou? na 2000 kuma ya kai Odyssey jihar Mississippi ta shekarun 1930, fursunoni uku da suka tsere, har da ƙato mai ido ɗaya mai sayar da Baibul. Sai dai ka kula, Troy da 300 da Alexander duk suna da tsiraici da zubar da jini, ba na kallo da yara a falo ba ne. Jason ne za ka iya zama da su, ka riƙa yi musu bayani cewa allolin da ke zaune a kan gajimare suna wasa da rayukan mutane tatsuniyar Girkawan dauri ce.